Rubutu Ya Fito, Hoto Ya Ƙi Buɗewa: A Ina Matsalar Take?

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya zo, ko sakamakon WAEC da NECO ya fito, ɗalibai daga Kwandiko da Sara da Kila da Basirka da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Gwaram sukan yi sammako zuwa kafe domin buga takardunsu. Wasu a Gwaram suke tsayawa, wasu su wuce Birnin Kudu, wasu ma sai Dutse. An biya kuɗin mota, an bi layi, an zauna gaban kwamfuta. Shafi ya buɗe, suna ya fito, lambar rajista ta fito, amma gurbin hoton fasfo fayau, sai wani ɗan akwati mai alamar yagaggiyar takarda.

Wannan ɗan akwati ya sha jawo wa ɗalibai asara. Wani zai buga takardar a haka, ya je ƙofar ɗakin jarrabawa ko wajen tantance sababbin ɗalibai a fara yi masa tambayoyi. Wani zai ƙara sayen data alhali datarsa ba ta ƙare ba. Wani kuma zai kai waya wurin mai gyara, a goge masa komai, hoton dai bai fito ba. A wannan mako za mu bi hoton intanet tun daga inda aka ajiye shi har zuwa fuskar wayarku, mu ga wuraren da yake maƙalewa. Wanda ya san hanyar da hoto yake bi, cikin minti biyar zai iya gano inda ya tsaya, ba tare da ya kashe ko naira ɗaya ba.

Shafi daban, hoto daban

Abu na farko da muke so ku riƙe shi ne, hoton da kuke gani a shafin intanet ba a cikin shafin yake ba. A littafin makaranta, tawada ɗaya ce ta buga rubutu da hoto a kan takarda ɗaya, don haka tare suke zuwa. A intanet kuwa, shafi fayil ne na rubutu zalla, wanda aka tsara da wani harshe da ake kira HTML. Duk inda ake son hoto ya fito, adireshin hoton kawai ake rubutawa.

Manhajar da kuke shiga intanet da ita, wato burauza, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox da Safari, aikin ɗan aike take yi. Ku ɗauka mahaifiyarku ta aiki ƙaninku kasuwar Sara da takardar sautu. Takardar tana hannunsa tun daga gida, amma kayan da aka lissafa a ciki kowanne da rumfarsa: manja a nan, gishiri a can, atamfa a wani layin. Idan mai atamfa bai fito kasuwa ba, yaron zai dawo da sauran kaya, babu atamfa. Haka burauza take yi. Takan fara karɓo rubutun shafin, ta karanta adireshin hotunan da ke ciki, sannan ta je ta nemo kowane hoto shi kaɗai. Shafi mai hoto talatin, aike talatin ke nan bayan na farko.

Kwamfutar da ake ajiye shafuka da hotuna a cikinta ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Sau da yawa sabar da ke riƙe da rubutu daban take da wadda ke riƙe da hotuna, har ma takan kasance a wata ƙasa. Shi ya sa rubutu yake iya zuwa lafiya, hoto ya ɓace a hanya.

Wannan tsari ya girmi duk wanda yake sakandare a yau. Tim Berners-Lee, wani masani ɗan Ingila, shi ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva. A watan Fabrairun 1993 Marc Andreessen, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya kawo shawarar wata alama mai haruffa uku, img, domin burauzarsu mai suna Mosaic ta riƙa nuna hoto a tsakiyar rubutu. Har gobe da wannan alama ake kiran hoto.

Me ya sa hoto ne yake fara maƙalewa?

Amsar tana cikin darasin lissafi. Kusan kowane harafi yakan ci bayit ɗaya. Wannan rubutu da kuke karantawa, tun daga kansa har ƙarshensa, bai wuce kilobayit 15 da 'yan kai ba. Hoto guda da aka ɗauka da wayar zamani kuwa yana iya kai megabayit 3, wato nauyin wannan rubutu sau 200.

To, mu ɗauka kuna wurin da sabis ya yi ƙasa, harafin E ya fito a saman waya, gudun netwok kuma kilobit 100 ne a daƙiƙa. Bayit ɗaya bit 8 ne, don haka megabayit 3 ya zama kilobit 24,000. A raba da 100, an sami daƙiƙa 240, wato minti 4 cur kafin hoto ɗaya ya sauka. Rubutun nan kuwa a daƙiƙa ɗaya da ɗoriya zai iso. Idan da 4G ne mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, hoton ba zai kai daƙiƙa 3 ba.

Matsalar ita ce sabis mai rauni ba ya cika tsayawa daram na tsawon minti 4. Da zarar ya yanke a tsakiya, ko jiran ya yi yawa, sai burauza ta haƙura ta saka wannan ɗan akwati. Wani lokaci za ku ga rabin hoto ya fito, ƙasansa toka-toka. Wannan alama ce ƙarara cewa hoton yana nan lafiya, a hanya aka tsinke.

Tambayoyi uku kafin a taɓa komai

Wurare uku ne hoto yake iya maƙalewa: a cikin wayarku ko kwamfutarku, a kan hanya, ko a can gidan hoton, wato saba. Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya yi tambaya. Ku ma kafin ku goge wani abu ko ku sayi data, ku yi wa kanku tambayoyin nan.

Ta farko: hoto ɗaya ne ya ƙi fitowa, ko duk hotunan shafin? Idan ɗaya ne tak, sauran sun fito, da wuya laifin ya zama naku. Galibi an goge hoton ne ko adireshinsa ya canza.

Ta biyu: a shafi ɗaya ne, ko a ko'ina? Ku buɗe wani shafin da kuka saba gani da hotuna, kamar na BBC Hausa ko Wikipedia ta Hausa. Idan can hotuna sun fito, wayarku da layinku lafiya suke, sai a koma kan shafin farko. Idan can ma babu, to matsalar tana kusa da ku.

Ta uku: a wayarku kaɗai ne, ko har da ta wani? Ku roƙi yayanku ko abokinku ya buɗe shafin a tasa. Idan layinku ɗaya da shi, nasa ya buɗe naku ya ƙi, laifin wayarku ne. Idan duk masu layi ɗaya abin ya ƙi musu, amma mai wani layin ya samu, laifin hanya ne. Idan kowa ya ƙi masa, sai a jira masu shafin.

Akwai ƙa'ida guda da malaman kimiyya suke nanatawa a ɗakin gwaji: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Wanda ya kashe waya, ya sauya layi, ya goge manhaja duk a tare, ko da hoton ya fito bai san abin da ya yi maganin ba, gobe ma haka zai sake laluben duhu.

Idan laifin na waya ne ko kwamfuta

Babban abin da ya fi hana hoto fitowa a yankunanmu shi ne tsarin tsimin data. Opera Mini ta yi farin jini a Najeriya ne saboda shafin da kuka nema yakan fara biyawa ta sabar kamfanin, a matse shi ya ƙanƙance, sannan a turo muku. A cikin saitinta, ƙarƙashin wurin da aka rubuta Data savings, akwai zaɓin ingancin hoto, har da na kashe hotuna gaba ɗaya. Wayar da ake karɓa-karɓa a gida, mai yiwuwa wani ya kashe don datarsa ta yi auki, ya manta bai mayar ba. Shafukan rajista da na duba sakamako ma ba su cika jituwa da wannan matsi ba, gara a buɗe su da Chrome ko Firefox.

Haka abin yake ga masu shiga Facebook kyauta. A 2016 kamfanin Facebook da Airtel suka kawo tsarin Free Basics Najeriya, kuma irin wannan shiga ta kyauta an gina ta ne a kan rubutu. Da gangan ake rufe hotuna, sai mutum ya koma tsarin amfani da data. A nan babu abin da ya lalace.

A Chrome ta kwamfuta ma akwai makunnin hotuna. Ana shiga Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, a nemi Images. A kwamfutar kafe da ta makaranta, inda hannaye suke da yawa, yana da kyau a leƙa nan. Haka nan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don toshe talla wani lokaci sukan ɗauki hoton kirki a matsayin talla su hana shi shigowa.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar wucin gadi, wadda ake kira kesh. Burauza takan ajiye kwafin hotunan da ta taɓa saukewa don kada ta sake wahalar nemo su. Dabara ce mai kyau, sai dai idan rabin hoto ta ajiye ranar da sabis ya yanke, tana iya ci gaba da nuna muku wannan gurgun kwafin. A kwamfuta, ku danna Ctrl da F5 tare, wannan zai tilasta mata ta sake nemo komai sabo. A waya, ku buɗe shafin a tagar sirri da Chrome take kira Incognito, wadda ba ta amfani da tsohuwar ajiya. Idan hoton ya fito a can, kun kama ɓarawon. Sai ku shiga wurin goge bayanan burauza, ku zaɓi Cached images and files kaɗai. Kada ku yi wa sauran akwatunan alama barkatai, domin kuna iya fitar da kanku daga imel ɗinku alhali ba ku riƙe kalmar sirri ba.

Abu na uku, wanda mutane da yawa ba sa kawowa a rai, shi ne kwanan wata. Shafukan da adireshinsu ya fara da https suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogon wayarku burauza take auna ta. Wayar da batirinta ya mutu murus na kwanaki, ko tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya ƙare, agogonta yana iya komawa shekarun baya. Sai burauza ta ga shaidar ba ta yi daidai da kwanan wata ba, ta ƙi amincewa. Idan babban shafin ne, za ta yi muku gargaɗi. Idan kuwa sabar hotuna ce kaɗai abin ya shafa, shiru za ta yi ta bar gurbin fayau. Ku saita agogo ya riƙa ɗaukar lokaci daga netwok da kansa.

Abu na huɗu shi ne tsufan burauza. Hotuna iri-iri ne, kuma kowanne da shekarar haihuwarsa: GIF a 1987, JPEG a 1992, PNG a 1996, sai WebP da Google ta fitar a 2010, wanda shafuka da dama suka koma amfani da shi saboda rashin nauyi. Tsohuwar burauzar Internet Explorer, wadda Microsoft ta yi wa ritaya a watan Yunin 2022, ba ta san WebP ba sam. Duk kwamfutar da har yanzu ita ake buɗewa a kanta, dole a riƙa ganin gurabe. Maganin shi ne sabunta burauza daga Play Store, ko daga shafin kamfanin da ya yi ta.

Na ƙarshe shi ne cikar waya. Idan bidiyo da saƙonnin murya na WhatsApp sun cinye wuri, burauza ba ta da inda za ta sauke kaya. Ku rage abin da ba ku buƙata, ku kashe wayar ku kunna.

Idan laifin na hanya ne

Hoton da aka ajiye a Turai ko Amurka doguwar tafiya yake yi kafin ya iso Kwandiko. Yakan bi ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku har zuwa gaɓar Legas, daga nan ya bi waɗanda aka binne a gefen tituna zuwa Arewa, ya iso ƙarfen sabis da ke kusa da ku, sannan ya shigo waya ta iska. Ko'ina a wannan hanya ana iya samun tangarɗa. Masu aikin titi sukan tsinke wayar ƙasa, janareton ƙarfen sabis yakan tsaya, ga kuma duwatsun yankin Birnin Kudu da Gwaram da suke iya tare sabis ga wanda yake bayansu.

Akwai kuma cunkoso. Ƙarfen sabis ɗaya jama'ar gari suke rabawa. Bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna da wayarsa, rabon kowa yakan ragu, ko da sandunan sabis sun cika a fuskar waya. Sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba sa nuna yawan mutanen da kuke layi tare da su. Wanda yake da takarda mai muhimmanci da zai sauke, ya gwada da asuba.

Wani lokaci matsalar takan fi ƙarfin gari, har ta fi ƙarfin jiha. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke kusa da ƙasar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da Laberiya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka tsaya cak a wurare da dama, kuma an ɗauki makonni kafin jiragen ruwa su kammala gyara. A irin wannan rana duk wanda ya goge wayarsa ya yi aikin banza.

Abin da za ku iya yi a nan kaɗan ne, amma yana aiki. Ku duba ragowar datarku tukuna, ku kuma tabbatar ba irin wadda aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook kaɗai ba ce. Ku sa waya a yanayin jirgin sama na daƙiƙa goma ku cire, don ta sake kama ƙarfen sabis. Ku fito fili. Idan wayar mai layi biyu ce, ku gwada ɗayan. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, danna maɓallin sake loda shafi sau ashirin ya zama almubazzaranci.

Idan laifin daga gidan hoton ne

Akwai dabarar da za ta sa hoton ya gaya muku ciwonsa da bakinsa. A kwamfuta, ku ɗora linzami a kan gurbin ku danna maɓallin dama, ku zaɓi Open image in new tab. A waya, ku danne gurbin da yatsa na ɗan lokaci, wani zubin zaɓin yakan fito. Burauza za ta je neman hoton shi kaɗai, ta nuna muku amsar da saba ta bayar, kuma amsar da lamba take zuwa.

Lamba 404 tana nufin an je adireshin ba a sami hoton ba, ko an goge shi ko an sauya masa suna. Lamba 403 tana nufin an hana ku shiga. Lamba 500 ko 503 kuwa tana nufin sabar ce ta sami matsala ko aiki ya yi mata yawa, kamar yadda ake gani a ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, dubban ɗalibai suka yi wa shafi ɗaya rubdugu. Duk waɗannan ba a wayarku ake gyara su ba.

Manyan kamfanoni ma abin yana samunsu. A ranar 3 ga Yuli, 2019, hotuna suka daina buɗewa a Facebook da Instagram da WhatsApp a sassan duniya da dama na tsawon sa'o'i, alhali rubutu yana tafiya. A gurbin hotunan mutane suka riƙa ganin ɗan bayanin da kwamfutocin Facebook suke rubutawa da kansu game da abin da ke cikin kowane hoto. A 2017 kuma kamfanin ajiyar hotuna na Photobucket ya toshe nuna hotunansa a wasu shafuka, sai ga wanda zai biya dala 399 a shekara. A dare ɗaya ɗimbin tsofaffin shafuka suka wayi gari babu hotunansu. Darasin da ke nan shi ne, duk hoto ko takardar da take da muhimmanci a gare ku, ku sauke kwafinta ku ajiye.

Ranar buga takarda a kafe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku buga takardar shiga jarrabawa kwanaki kafin ranar, don idan an sami matsala a sami lokacin gyara. Idan kun zauna gaban kwamfuta, kada ku bari a danna maɓallin bugawa sai hoton ya fito gaba ɗaya a allo. Masu kafe suna sauri saboda layi, kuma firinta abin da ta tarar shi take bugawa.

Ku duba samfurin da kwamfuta take nunawa kafin bugu. Idan hoto ko tambari ya fito a allo amma ya ɓace a samfurin, a shiga More settings a yi wa Background graphics alama. Idan komai ya fito daidai, ku roƙi mai kafe ya ajiye muku shi a matsayin PDF ya tura muku a waya ko imel. A cikin PDF hoto da rubutu a haɗe suke, ba sai an sake zuwa nemo shi ba. Kafin ku tashi, ku tabbatar an fita daga asusunku, an kuma goge kwafin daga kwamfutar.

Idan kuma ku ne za ku ɗora hoto, misali wajen cike fom ɗin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ku karanta nau'in hoto da nauyin da aka nema. Tun 2017 wayoyin iPhone sukan ajiye hoto a nau'in HEIC, wanda yawancin burauza ba sa buɗewa. Sauya wa fayil suna daga heic zuwa jpg ba ya sauya abin da ke cikinsa, sai an juya shi da manhajar gyaran hoto.

Idan an gwada kwamfuta biyu da layi biyu, a rana biyu daban-daban, hotonku bai fito a takardar hukuma ba, ko hoton wani ne ya fito, maganar ta wuce kafe. Ku sanar da malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarku, ko ku je ofishin hukumar da ke Dutse tare da babba daga gida.

Hattara da 'yan damfara

Masu zamba sun san mutum yana ƙaguwa idan hoto ya ƙi buɗewa. Shi ya sa za ku ga shafi ko saƙo yana cewa sai kun sauke wata manhaja kafin ku ga hoton, ko a turo muku wani abu a WhatsApp da sunan hoton biki, alhali sunan fayil ɗin da apk ya ƙare. Wannan manhaja ce, kuma tana iya karanta saƙonnin waya, har da lambobin sirri da banki yake turo wa iyayenku. Hoto na gaskiya ba ya neman lambar NIN ko BVN ko kalmar sirri kafin ya buɗe. Haka duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya shiga rumbun wata hukuma ya sauya muku hoto, ko dai maƙaryaci ne, ko zai jefa ku cikin laifin da zai iya jawo a soke sakamakonku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga masu koyon gina shafi

Da yawa daga cikinku kuna koyon HTML a darasin kwamfuta, kuma wata rana ku ne za ku zama masu shafin da wasu za su buɗe. Abin da za ku nuna wa duniya kuwa yana kusa da ku. A Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, tare da duwatsun da suke ƙara kamar ƙuge idan an buga su. Bernard Fagg, masanin tarihin da ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma yanzu suna cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Mu ɗauka kun ɗauko hoton zanen, kun sa masa suna Habude.JPG, amma a cikin shafin kuka rubuta habude.jpg. A kwamfutar makaranta mai Windows zai fito lafiya, domin ita ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil. Da zarar kun ɗora shafin a saba mai Linux, irin wadda akasarin shafukan duniya suke kai, sai 404. Don haka ku riƙa sa wa hotuna suna da ƙananan haruffa, babu tazara a tsakani, kuma ku guji ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, ku bar su a cikin rubutun shafin. Kada ku rubuta adireshin da yake nuni zuwa cikin kwamfutarku, domin mai buɗe shafin a Kano ba shi da hanyar shiga can. Ku rage nauyin hoton kafin ku ɗora, kilobayit 100 ya wadatar ga fuskar waya.

Sannan kada ku bar gurbin alt babu komai. Wannan shi ne ɗan bayanin da burauza take nunawa idan hoto ya ƙi zuwa, kuma shi ne manhajar karanta allo take karanta wa makafi. Ku rubuta shi da Hausa mai kyau, misali: zanen saniya mai dogayen ƙaho a jikin Dutsen Habude, Birnin Kudu. Da wannan jimla guda, ɗalibin da yake ƙauyen da sabis ba ya kai wa sosai, da wanda ba ya gani, duk sun san abin da kuka so nuna musu.

Aikin wannan mako

Ga lissafi: hoto mai nauyin megabayit 2, a layin da yake gudun kilobit 200 a daƙiƙa, daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya sauka? Idan aka rage shi ya koma kilobayit 100 fa? Ku yi a littafinku ku nuna wa malamin lissafi ko na kwamfuta.

Sannan duk lokacin da hoto ya ƙi buɗewa a wayar wani a gidanku cikin makon nan, kada ku karɓi wayar ku fara danne-danne. Ku yi tambayoyin nan uku a jere, ku rubuta amsar kowacce, ku faɗi inda kuke ganin hoton ya maƙale kafin ku taɓa saiti ko ɗaya. Ranar Litinin ku kwatanta abin da kuka gano da na 'yan ajinku.